Mai Hoto da Mai Gabu

Daga ƙarshen watan Fabrairu zuwa cikin Afrilu, wanda ya biyo kwalta daga Ƙonni ya nufi Madawa ba sai an gaya masa lokacin da ake ciki ba, hancinsa zai ba shi labari. Albasa ta nuna. A Galmi da garuruwan fadamar Tarka buhuna ne jibge a bakin hanya, kowanne an ɗura shi har ya yi tozo, 'yan dako na ɗorawa a manyan motocin da za su sauke a Akara da Kumasi da Abijan. Nan idon kowa yake, domin nan kuɗi suke. Amma in ka bar kwalta ka gangara cikin garake, za ka tarar da wani aikin da ba a yi masa hayaniya. Mata da 'yan mata ne ke bin inda aka cire albasa, suna tattara lawashin da aka yanke aka bari a ƙasa.

Abin da suke yi da shi na san mai karatu ya sani, amma bari in faɗa, don a kansa maganata ta tsaya. Mace za ta zauna ta tsince ganyen, ta ware wanda ya yi ja ko ya fara yauƙi, ta zuba mai kyau a turmi. Tana kirɓawa yana fitar da koren ruwa mai yaji, idonta na hawaye, har tulin ganyen da ya cika kwando ya koma ɗan abin da bai wuce ƙwarya ba. Sai ta riƙa ɗiba tana dunƙulawa a tafin hannu tana matsewa, curi-curi, kowane curi da shatin yatsunta a jikinsa. Ta jera a tabarma ta kai rana, ta riƙa juyawa, tana korar awaki. In ya bushe ƙayau ya yi duhu, ya zama gabu. Ta zuba a tulu ko a buhu ta ɗaga shi inda danshi ba ya kai. Sai damina ta yi nisa, albasa ta yi tsada a kasuwa, sannan za ta ɗauko curi guda ta soya, ta daka, ta zuba a miyar kuka, gida ya ɗauki ƙamshi.

A ganina mai ɗaukar hoto na ƙwarai aikin matar nan yake yi. Su biyun abin da gobe zai yi yaushi suke kamawa, su biyun da rana suke aiki, kuma amfanin wahalarsu ba ya bayyana sai ranar da ɗanyen ya ɓace. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, yau a Azarori da Galma da Karofane da ƙauyukan Buza da Keita samari da yawa na yawo da salula mai kamara a aljihu. Ba a taɓa ɗaukar hoto a ƙasar nan kamar yadda ake ɗauka yanzu ba. Duk da haka ina fargabar jikokinmu za su nemi fuskar wannan zamani su rasa, alhali mu mun gaji hoto ɗaya ko biyu na kakanninmu a ƙasan akwati.

Mu fara da Galma. A shekarar 1975, ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga babban farin farkon shekarun 1970 ba, wani jirgin sama ya ratsa yankin yana ɗaukar hoton ƙasa, irin wanda masu zana taswira ke aiki da shi. Hoton ba shi da wani kyan da za a rataya shi a ɗaki. Gari ne dunƙule a tsakiya, gonaki kewaye da shi fari fat, itatuwa 'yan ɗigo-ɗigo nan da can, har mutum na iya bin su da yatsa ya ƙirga. Aka ajiye shi cikin dubban irinsa. Sai bayan shekara da shekaru wani Ba'amurke masanin taswira, Gray Tappan, wanda ke aiki tare da Chris Reij ɗan ƙasar Holan da masana 'yan Nijar irin su Mahamane Larwanou, ya ɗauko shi ya ajiye kusa da wani hoton Galma da aka ɗauka daga sama a 2003. Garin ya faɗaɗa, jama'a ta ƙaru, kuma ɗigon itatuwan nan sun yi ninkin ba ninkin, sun bazu cikin gonaki.

A lokacin, maganar da ta zauna a bakin masana da ma'aikatan ofis ita ce, duk inda mutane suka yi yawa a Sahel itace ƙarewa yake yi, hamada kuwa kullum gaba take ci. Hotuna biyu jere da juna suka sa aka sake dubawa. Da aka faɗaɗa binciken zuwa Maraɗi da Damagaram, ƙiyasin da Reij da Tappan da Melinda Smale suka buga a 2009 ya nuna kimanin hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar sun sake yin itace, wajen itatuwa miliyan 200, kuma mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Manoma ne suka daina sare tohon gawo da kalgo da sabara lokacin gyaran gona, suka riƙa zaɓen mai ƙarfi suna rage masa rassa yana miƙewa, abin da ake kira sassabin zamani. Manomi ya san abin da ya yi, ba sai jirgi ya gaya masa ba. Sai dai maganar manomi ba ta cika isa Yamai ba, balle ƙetare. Ko a dandali ma, in tsoho ya ce da can wurin nan fili ne fetal, yaro na iya ɗauka ƙarin gishiri ne. Gani ya kori ji. Hoton da ranar ɗaukarsa bai tsinana wa kowa komai ba, bayan shekara 28 shi ya tsaya wa manoma shaida. Gabu ke nan da ya tarar da daminarsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne shaidar daga sama ta zo, kuma a hannun baƙi. Daga can sama ba a ganin wuƙa, ba a ganin hannun da ya riƙe ta. Da zan samu, hoton da nake so in riƙe shi ne wanda aka ɗauka daga ƙasa: magidanci durƙushe gaban tohon gawo da bai kai gwiwarsa ba, ɗansa tsaye a gefe riƙe da hauya. Sannan na biyu, yaron nan ya yi furfura, zaune a inuwar gawon. Wannan ba ya bukatar jirgi. Ɗan gida yake bukata wanda ya ga cewa abin ya isa a ɗauka.

Haka zancen yake a Keita. Tun 1984 da aka fara babban aikin raya karkarar nan da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin. Su suka yi dakon duwatsu a ka, suka haƙa ramukan tare ruwa a gangaren tuddai, ana ba su abinci ladan aiki, har aka dasa miliyoyin itatuwa a ƙasar da aka cire wa rai. A kwarin Majiya ta wajen Buza kuwa, tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don kare gonaki daga iska. An ɗauki hotunan waɗannan ayyuka da yawa, suna cikin littattafan rahoto da ɗakunan ajiyar waɗanda suka ɗauka. To yarinyar da aka haifa a Keita yau, wadda kakarta ce ta yi dakon duwatsun, a ina za ta ga kakar tata da dutse a ka? Gadonta ne, ya kamata a ce kwafinsa na gidansu ko a makarantar garinsu.

In ka duba da kyau, hotunan yankinmu da ke yawo a duniya galibi iri biyu ne. Baƙo yakan zo da kamara ranar da muke cikin tsanani. A yunwar 2005 duniya ta ga yaran Maraɗi da Tawa a kan sikeli, ƙasusuwa a waje. Ban ce ƙarya aka ɗauka ba, kuma hotunan sun jawo taimakon da ya ceci rayuka. Amma wanda ta nan kawai ya san mu bai san mu ba. Mu kuma in mun ɗauki kanmu, sai ranar Sallah, ko biki, ko suna, cikin sabuwar shadda, an jingina da motar da ba ta gidan ba ce. Tsakanin ranar yunwa da ranar Sallah akwai sauran kwanakin shekara, waɗanda a cikinsu ake noma, ake kiwo, ake reno, ake tsufa. Su ne lawashin. Kowa na tsallake su don ya kai ga albasa, kuma su ne in an adana za su yi ƙamshi nan gaba.

Ɗauki tabarmar Madawa. Sunanta ya kai ko'ina a Nijar da arewacin Najeriya. Macen da ke saƙa ta da kaba, ta rina wannan ja, wancan baƙi, ta fitar da zane ba tare da ta duba takarda ba, zanen a kanta yake, daga uwarta ta ɗauko. Yau tabarmar roba ta cika kasuwa, ga araha ga sauƙin wanki. Duk zanen da aka daina saƙawa, in masu shi suka kau, ya tafi ke nan. Mutum ɗaya mai salula, in ya sa kansa, zai iya bin masaƙa gida-gida ya ɗauki kowane zane shimfiɗe a inuwa, ya rubuta sunan da matan ke kiransa da garin da aka saƙa shi. Haka tashin raƙuman Buzayen Kel Geres da damina in sun nufi arewa wajen Ingal don dabbobi su lashi gishiri. Ɗan Azarori ya saba gani har ba ya ɗaga kai, alhali yadda ake ɗaure kaya da irin sirdin da ake ɗorawa da waɗanda ke tafiyar duk canzawa suke yi a hankali.

An taɓa yin mutumin da ya ɗauki irin wannan aiki da gaske. J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan kudancin Najeriya, an haife shi a 1930 ya rasu a 2014. Daga 1968 ya shiga ɗaukar hoton kitson mata, a titi, a wurin biki, a ofis, sau da yawa ta ƙeya, yana rubuta sunan kowane kitso, har ya tara kusan dubu. Kitso abu ne da ake tsefewa bayan mako biyu, kuma yayinsa na wucewa. Yau wanda ke son ya san abin da hannun makitsan Najeriya ya iya a wancan zamani, wurin Ojeikere zai je. A 2013 an baje hotunan a babban taron fasaha na birnin Benis a Italiya. Mu ma muna da makitsa a Adar da Gobir, kuma 'yan matan yanzu ba su san rabin kitson da iyayensu suka yi amarci da shi ba.

Sai dai tattara lawashi kawai ba ya zama gabu. Sai an tsince, an kirɓa, an matse, kwando ya koma curi. Nan ne fasaha take, kuma nan ne hannu ke bambanta da hannu. Duniya faɗi gare ta, hoto kuwa ɗan murabba'i ne. Mai ɗauka shi ke yanke abin da zai shiga da abin da zai tsaya a waje, da inda zai tsaya, da daƙiƙar da zai latsa. Mutum biyu su tsaya gaban rijiya ɗaya da salula iri ɗaya, ɗaya ya dawo da taron mutane da jarkoki barkatai, ɗaya ya dawo da hannun yarinya a kan igiya da ruwan da ke ɗiga daga guga. Wayar ba ta san bambancin ba, ido ne ya sani.

Wanda ya fi koya mini wannan, ta hanyar kallon aikinsa, shi ne Seydou Keïta na Bamako. An haife shi wajen 1921, kawunsa ya kawo masa ƙaramar kamarar Kodak tsaraba daga Senegal a 1935, ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. A tsakar gida yake aiki, da hasken rana. Labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane zanen gadonsa ne. Fim na da tsada, saboda haka yawanci sau ɗaya yake latsawa ga kowane mutum. Wanda ke da latsi ɗaya dole ya duba kafin ya latsa. Sai ya gyara wa mace zaman gyalenta, ya juya mata kafaɗa, ya ajiye hannunta inda zoben zai fito, ya jira fuskar ta saki. Yana ajiye agogo da alƙalami da rediyo da keke da babur don wanda ke son a gan shi da su, har motarsa mutane kan jingina a ɗauke su. Saboda haka ban raina hoton Sallah ba. Son a gan ka cikin kyakkyawar kama daɗaɗɗen abu ne kuma halal ne. Amma duba hotunan Keïta, duk aron agogo da babur, fuskar ta mai ita ce. Bai goge mata komai ba.

A nan ne nake da ƙorafi da manhajojin gyaran fuska da suka cika wayoyinmu. Suna wanke baƙi ya koma fari, suna share tamoji, suna goge zane. Yankin Madawa ƙasar Gobirawa ce, kuma dattawan da ke ɗauke da zanen Gobirci a kumatu, yawancin jikokinsu ba a yi musu ba. Aska ta daina hawa fuskar jarirai a gidaje da yawa, kuma ba kiran a koma nake yi ba. Ina cewa ne waɗannan fuskoki tarihi ne da ke tafiya da ƙafa, kuma ba za a sake yin irinsu da yawa ba. Jika ya ɗauki kakansa, manhaja ta shafe zanen tas ta bar kumatu sumul kamar na kowa, wannan asara ce da hannunmu.

Ga yadda ake fitar da irin wannan fuska, ba kuma sai da wata babbar na'ura ba. Kada a tsayar da tsoho a tsakar rana. Inuwar hula ko rawani za ta rufe idonsa, goshi ya yi ƙyalli, ya riƙa ƙanƙance ido. A bari sai da hantsi ko la'asar sakaliya, a zaunar da shi a bakin zaure daga ciki, yadda haske zai shigo masa ta gefe guda. Hasken gefe shi ke bin kowane layin zane ya fito da shi, duhun zaure kuma ya ɓoye tarkacen da ke baya. Mai ɗauka ya goge idon kamara da bakin rigarsa, don ƙurar aljihu ita ke sa hoto ya yi hazo. Ya durƙusa daidai da idon tsohon, kada ya ɗauke shi daga tsaye. Ya duba kusurwa huɗu, ko akwai leda ko butar da ta shigo ba a gayyace ta ba. Sannan ya yi haƙuri. Da an ɗaga waya mutum kan ƙame kamar mai jiran hoton katin ɗan ƙasa. A ja shi da hira, a tambaye shi wace shekara ya fara zuwa cin rani, ko wa ya haƙa tsohuwar rijiya. Lokacin da ya ɗan karkata kai yana laluben amsa, ya manta da kai, a nan za ka latsa.

Kafin duk wannan akwai sallama. Ba a tsinkar lawashi a garkar wani ba da izininsa ba, ko da yashe yake a ƙasa. Ka ce, "Baba, don Allah ina so in ɗauke ka hoto." Zai iya cewa, "Me za ka yi da hoton tsoho, ɗana?" Ka gaya masa gaskiya: "Jikokinka za su nema, Baba, kuma zan wanko in kawo maka naka." In ka yi alkawarin, ka cika. In ya ce a'a, ko don addini ko don ra'ayi, magana ta ƙare. Ka roƙi ya bar ka ka ɗauki hannunsa a kan ƙotar hauya, ko maƙerarsa, ko ƙofar gidansa, su ma labari ne. Matar aure ba a ɗaukarta sai da yardarta da ta gidanta, kuma yardar a ɗauka daban take da yardar a watsa a Facebook ko TikTok. Abin da ake yi yanzu in mota ta faɗi, mutane su kewaye masu rauni da wayoyi a sama kafin a miƙa musu ruwa, a tura hoton gawa cikin WhatsApp tun uwar mamacin ba ta ji ba, wannan ba shi da haɗi da fasaha ko kaɗan. Cin mutunci ne, kuma ya kamata manya su tsawata.

Saura ajiya, wadda ita ce inda muka fi rauni. Manomin albasa ya san rudu, 'yar bukkar kara da ake ɗagawa a kan itace don iska ta ratsa, a zuba albasa a jira farashi ya tashi. Ya kuma san cewa rudu ba wurin mantuwa ba ne. In bai riƙa buɗewa yana tsince wadda ta fara lalacewa ba, ranar da ya zo ɗiba wari zai tarbe shi. Salula rudu ce cike da ɗanyar albasa. Hoto dubu na ciki, mai ita na ganin ya adana, alhali komai na jiran rana ɗaya ne: ta faɗa rijiya, ko a zare ta a kasuwa, ko ta ƙi kunnuwa mai gyara ya ce sai an goge ta. Wanda aka tura ta WhatsApp kuwa an riga an rage masa ƙarfi, in aka zo wankewa da girma sai ya farfashe. Layi ya ɓata, lambar sirri ta shige duhu, abin da aka ɗora a intanet ya zama na ganin nesa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da waya ta ce wuri ya cika. Sai mutum ya gangara can ƙasa ya fara gogewa daga tsofaffi, don ya sami wurin bidiyon da zai manta da shi jibi. Tsofaffin nan kuwa su ne suka fara daraja. A cikinsu ne inna take, wadda ta rasu bara.

Keïta bai yi haka ba. Ya adana fim ɗinsa dubbai, a jere, shekara da shekaru bayan ya rufe shago. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a birnin Niyok ba tare da sunansa ba, an rubuta cewa ba a san mai ɗauka ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, wani mai hoton garin, Malick Sidibé, ya duba ya gane hannun, ya nuna masa gidan. Da aka je, kayan na nan. Keïta ya rasu a 2001 sunansa ya zagaya duniya, Sidibé kuma ya karɓi babbar lambar yabo ta Benis a 2007. Da gara ta cinye fim ɗin, da duk iyawarsa ta bi iska. A Yamai ma, abin da ake gani yau na samari da 'yan matan shekarun 1960 da 1970, da rawarsu da ɗinkinsu, da yawansa daga kamarar Philippe Koudjina ya fito, wanda ya rasu a 2014. Masu hoton da suka yi aiki a Madawa da Ƙonni da Tawa a zamanin fim su ma sun ɗauki dubban fuskoki, na aure, na makaranta, na tafiya Makka. Duk abin da ya rage a hannun magadansu ya cancanci a je a nema da girmamawa, kafin a share ɗaki a zubar.

A gidaje da yawa na karkararmu hoton kaka guda ɗaya ne, wanda aka ɓamɓaro daga tsohon katin ɗan ƙasa. Ɗan ƙarami ne, bai fi kan yatsa biyu ba, rabin hatimin hukuma ya hau kafaɗarsa, ga tsatsar ƙarfen da aka maƙala shi da shi a kusurwa. Mutumin ya zuba wa kamara ido ba murmushi, don ba don kansa aka ɗauka ba. Amma dubi yadda ake riƙe shi in an fito da shi, da hannu biyu, yara na leƙe ana cewa ga hancin wane, ga goshin wance. Akwai kuma na taro, mutum shida ko bakwai tsaye gaban bango, ba rubutu a baya. Tsohuwa ɗaya ce ta rage a gidan da za ta iya cewa wannan wane ne, wancan ƙanin wane ne da ya tafi Gana bai dawo ba. Ranar da ta rufe ido, mutanen nan bakwai sun zama baƙi a gidansu.

Maganin ba shi da tsada. A shekara mutum ya zauna ya tsince hoto goma ko ashirin daga cikin tarin wayarsa, ya kai Madawa ko duk inda ake wanki a fitar masa a takarda, daga ainihin wanda ke cikin wayar da ta ɗauka. A bayan kowanne, ko a jikin ambulan, ya rubuta sunan mutum da na mahaifinsa, da gari, da shekara, da abin da ake yi, da sunan wanda ya ɗauka. Ya sa a akwatin ƙarfe nesa da danshi da gara. Wanda za a rataya a bango a wanko masa na biyu, don rana na cin launi. Sauran kuma a kwafe su a katin memori daban a ba ɗan'uwa ajiya a wani gida.

Ina kira ga ofishin magajin garin Azarori da na sauran garuruwan Madawa da Buza da Keita, da malaman makaranta, su ware kabad guda don wannan. A zaɓi wurare kaɗan, bakin kasuwa, babbar rijiya, kan tudun da ake hango gonaki, a sa wani matashi ya riƙa ɗaukarsu daga wuri ɗaya a wata ɗaya kowace shekara, a wanke, a rubuta, a ajiye. A kuma rubuta wa hukumomin da suka yi aiki a Keita da Majiya a roƙi kwafin hotunan iyayenmu mata. Kai kuma mai salula, cikin makon nan ka ɗauko tsofaffin hotunan gidanku ka zauna gaban wadda ta fi kowa shekaru, da takarda da alƙalami, ta faɗa maka sunaye kana rubutawa. In kun gama, ka nemi izininta ka ɗauke ta ita ma, a bakin ɗakinta, cikin zanen da take aiki da shi. Kada ka jira Sallah, kuma kada ka jira sai ta kwanta ciwo.